RTL-SDR a ajin lissafin sigina: abin da na'urar ke koyarwa da abin da ta bar wa allo

Na'urar da ake kira RTL-SDR ba ta fi filashi mai ɗan kauri girma ba. Ana soka ta a kafar USB ta kwamfuta, a ɗaura mata eriya a ɗaya bakin, sai ta riƙa mayar da igiyoyin rediyon da ke yawo a iska zuwa jerin lambobi. Masu sha'awar rediyo sun daɗe suna auna ta da yawan tashoshin da take kamawa, amma ma'aunin da zan ɗora ta a kai daban ne, domin tambayata ita ce ko ta cancanci malamin da ke koyar da lissafin Fourier, wato hanyar rarrabe sigina zuwa igiyoyin da suka haɗa ta, a sashen injiniyan lantarki, ko ɗalibin da ke koyon sa shi kaɗai, ya kashe kuɗinsa a kanta. Amsata ita ce ta cancanta, amma saboda dalili guda mai ƙarfi fiye da sauran, kuma da sharaɗin a san wurin da ya dace da ita a cikin jerin darussa.

Asalinta ba kayan koyarwa ba ce. Kamfanin Realtek na Taiwan ya ƙera guntun lantarkin RTL2832U ne domin kama talabijin na dijital a kwamfuta. A shekarar 2012 wani mai rubuta manhajar Linux ɗan ƙasar Finland, Antti Palosaari, ya bayyana cewa ana iya sa guntun ya miƙo ɗanyun lambobin da ya auno ba tare da ya mayar da su hoto ba, sannan mutanen Osmocom, wani aiki na rubuta manhajojin sadarwa na kyauta, suka rubuta manhajar da ta sauƙaƙa hakan ga kowa. Samfurin da na fi mayar da hankali a kai shi ne na masu shafin intanet na RTL-SDR Blog, wanda ke da V3 da ya fito a 2016 da V4 da ya biyo baya a 2023. Dukansu suna cikin gidan alminiyom, suna da agogon ciki mai daidaito wanda zafi ba ya karkatar da shi sosai, kuma suna kama mitoci (mita a nan ita ce yawan zagayen da igiya ke yi a sakan ɗaya) daga kusan kHz 500 har zuwa wajen GHz 1.7. Farashin na'urar ita kaɗai yana tsakanin dala 30 zuwa 40 kafin a haɗa da kuɗin kawowa. Tuni manyan makarantu suka shigar da ita aji: Michael Lustig ya yi amfani da ita a kwas ɗin sarrafa sigina na Jami'ar California da ke Berkeley, malaman Jami'ar Strathclyde da ke Glasgow kuma suka fitar da cikakken littafin gwaje-gwaje a kanta kyauta a 2015.

Dalilin nan mai ƙarfi shi ne irin lambobin da take fitarwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗalibai da wannan darasi ya san inda aji ke rabuwa biyu, wato ranar da aka rubuta ƙa'idar Euler a allo, aka ce sayin da kosayin fuskoki biyu ne na kibiya guda mai juyawa, aka kuma shigo da j, lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da −1. Daga nan sai a ce musu akwai mita mai alamar ɗebewa. Ɗalibi mai hankali zai tambaya yadda igiya za ta yi zagaye ƙasa da sifili a cikin sakan ɗaya, kuma amsar da aka saba ba shi, cewa dabarar lissafi ce kawai, ita ce ke sa shi haddace sauran darasin maimakon fahimtar sa. Idan malami ya yi amfani da sautin makirufo wajen misali, matsalar ba ta warwaruwa, domin sauti lamba ɗaya yake bayarwa a kowane awo, saboda haka ɓangaren mitoci masu ɗebewa kwafi ne kawai na ɓangaren masu tarawa, kuma yawancin manhajoji ma ɓoye shi suke yi. RTL-SDR kuwa lambobi biyu take bayarwa a kowane awo, waɗanda ake kira I da Q, kuma su ne ainihin ɓangarori biyu na lambar nan mai j. Ba malami ne ya ƙirƙiro su ba, wayar USB ce ta kawo su.

Gwajin da ke tabbatar da wannan yana da sauƙi ƙwarai. A Kano, Freedom Radio tana watsa shirye-shiryenta a kan MHz 99.5. Idan aka saita tsakiyar na'urar a kan MHz 99.0, tashar za ta bayyana a dama, a kan kHz 500 mai tarawa; idan aka mayar da tsakiyar zuwa MHz 100.0, tashar nan dai za ta koma hagu, a kan kHz 500 mai ɗebewa, kuma babu kwafinta a ɗaya gefen. Ɗalibin da ya zana I a kwance da Q a tsaye zai ga ɗigon yana zagayawa ta gefe ɗaya a saitin farko, sannan ya juya ta ɗaya gefen a saiti na biyu, kamar hannun agogon da ya koma tafiya da baya. Mita mai ɗebewa ashe alkiblar juyawa ce. Kowane gari da ke da tashar FM mai ƙarfi zai iya maimaita wannan da tasharsa, kuma a ganina da wannan kaɗai na'urar za ta koyar, da ta biya kuɗinta.

Daga nan ma'anar lissafin Fourier na lambobi ta zama abin taɓawa da hannu. Abin da lissafin ke yi shi ne ya ɗauki jerin awo guda N, ya ninka su da wata kibiya mai juyawa da baya a kan mitar da ake son gwadawa, sannan ya tara sakamakon. Idan akwai wannan mitar a cikin siginar, juyawar biyu suna soke juna, kibiyar ta tsaya cak, jimla ta yi girma. Idan babu ita, abin da aka tara yana warwatsuwa ta kowace fuska har ya kusa komawa sifili. Ɗalibin da ya ajiye ɗanyun lambobi a fayil ya buɗe su da manhajar lissafi irin Python ko GNU Octave zai iya yin rabin wannan aiki da layi ɗaya na umarni: ya ninka duk awon da kibiya mai juyawa da baya a kan kHz 500, sai tashar da take gefen dama a saitin farko ta dawo tsakiya daidai kan sifili. Ya canza tasha ke nan ba tare da ya taɓa na'urar ba, kuma ya yi hakan ne da ƙa'idar da Euler ya wallafa a 1748, tun kafin Joseph Fourier ya gabatar da aikinsa kan yaɗuwar zafi a 1807. Tsarin fayil ɗin ma bai da wahala: bayit ɗaya na I, bayit ɗaya na Q, a jere, kowanne tsakanin 0 da 255, sai a cire 127.5 domin a dawo da su kewayen sifili.

Darasi na biyu da take bayarwa da kyau shi ne cinikin da ke tsakanin lokaci da mita, wanda a takarda yakan zama ɗan rabon lamba da ake mantawa bayan jarrabawa. Na'urar tana aiki lafiya a kan awo miliyan 2.4 a sakan ɗaya, wanda ke nufin tana ganin faɗin MHz 2.4 a lokaci guda. Idan aka ɗauki awo 1,024, faɗin nan yana rabuwa zuwa gurbi 1,024, kowane gurbi kimanin Hz 2,344, kuma duk awon bai kai rabin milisakan ba. Idan aka ɗaga zuwa awo 65,536, kowane gurbi ya koma kimanin Hz 37, amma sai an saurara har milisakan 27 kafin a sami hoto ɗaya. Manhajoji irin su SDR#, SDR++ da Gqrx duk suna da wurin canza wannan adadi, kuma ɗalibi yana gani da idonsa yadda layukan da suka cuɗe suke rabuwa yayin da abubuwa masu saurin wucewa suke dusashewa. Akwai kuma wani abu da ke ba ɗalibai mamaki, wato yadda ƙasan hayaniyar ke sauka da desibel 3, wato ƙarfinta ya ragu da rabi, duk lokacin da aka ninka N sau biyu, ta yadda daga 1,024 zuwa 65,536 ana samun ragin kusan desibel 18, har siraran siginonin da suke nutse su fito fili. Hayaniyar ba ta ragu ba, an dai raba ta ne a kan gurabe masu yawa, kuma malamin da ya tsaya ya sa aji ya yi bayanin wannan da kansa ya koyar da fiye da abin da babi guda ke ɗauke da shi.

A nan ne kuma ya dace a nuna amfanin hanyar gaggawa ta FFT da James Cooley da John Tukey suka wallafa a 1965. Ga awo 65,536, lissafin kai tsaye yana buƙatar ninki sama da biliyan 4, yayin da hanyar gaggawa ke gama aikin da kusan miliyan 1. Ɗalibin da ya rubuta na kai tsaye da hannunsa ya zauna yana jiran kwamfutarsa ta gama ba zai sake tambayar dalilin shaharar waɗannan mutane biyu ba.

Batun taga ma yana fitowa sarai. Yanke sigina zuwa awo N daidai yake da ninka ta da taga mai kaifin baki, kuma sakamakonsa shi ne ƙarfin mita ɗaya yana yoyo zuwa guraben da ke maƙwabtaka da ita. Da tagar da ba a gyara bakinta ba, tudun farko na yoyon yana ƙasa da kololuwa da desibel 13 kacal. Tagar Hann tana saukar da shi zuwa wajen desibel 31, amma sai faɗin kololuwar ya ninka. Tagar Blackman-Harris mai sassa huɗu tana kai shi har wajen desibel 92, da kololuwa mafi faɗi. Idan aka sami siririyar sigina mai ƙarfi kusa da wata mai rauni, canza taga kaɗai yana iya ɓoye mai raunin ko ya tono ta. Sai dai a nan dole in yi wa malamai gargaɗi, domin tashar FM ba ta dace da wannan gwaji ba, saboda faɗinta ya kusa kHz 200 kuma kullum motsi take yi. Igiyar dakon tashar gajeren zango, wadda take tsaye siririya tsakanin fikafikanta biyu, ita ta fi dacewa.

Gwajin da na fi so shi ne na warware FM da hannu, saboda yana nuna cewa ana iya yin nazarin mitoci hawa biyu. Bayan an dawo da tasha kan sifili an tace ta, sai a ninka kowane awo da kishiyar wanda ya gabace shi, wato wanda aka juya alamar ɓangaren j ɗinsa, a ɗauki kusurwar sakamakon. Wannan kusurwa ita ce saurin juyawar kibiya a wannan lokaci, kuma ita ce saƙon da tashar ta aiko. Idan aka sake yin lissafin Fourier a kan wannan sabon jeri, sai tsarin watsa sitiriyo ya bayyana a shimfiɗe: sautin da kowace rediyo ke ji daga ƙasa har zuwa kHz 15, wani siririn layi tsaye a kan kHz 19 wanda ke sanar da rediyo cewa akwai sitiriyo, bambancin sautin hagu da na dama tsakanin kHz 23 da 53 a kewayen kHz 38, sannan a tashoshin da ke aiko da sunansu a rubuce akwai ƙarin ɗan tudu a kan kHz 57. Ɗalibi zai lura cewa 38 da 57 ninkin 19 ne sau biyu da sau uku, kuma daga wannan lura zai iya gano da kansa yadda mai karɓa ke samar da igiyar da yake buƙata.

Akwai wani aibi a V3 wanda a aji ya zama alheri. Domin kama gajeren zango, V3 tana tsallake sashen kamo tasha ta miƙa siginar kai tsaye ga ma'aunin ciki, wanda ke awo miliyan 28.8 a sakan ɗaya. Ƙa'idar da ake dangantawa da Nyquist da Shannon ta ce irin wannan ma'auni ba zai iya bambance abin da ya wuce rabin saurinsa ba, wato MHz 14.4, saboda haka duk abin da ke sama da wannan iyaka yana naɗowa ya yi basaja a ƙasa. Tashar da ke kan MHz 15.4, a zangon mita 19 (mita ta awon tsawo a nan) wanda masu sauraron sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare suka daɗe da sani, za ta sake bayyana a kan MHz 13.4, domin 28.8 a cire 15.4 ya bar 13.4. Ɗalibi zai iya lissafa wurin da fatalwar tashar za ta fito kafin ya je ya same ta a can. V4 ta kawar da wannan ta hanyar ɗaga mitocin gajeren zango zuwa sama kafin a auna su, abin da ya sa ta fi kyau ga mai sauraro amma ta rasa wannan darasi.

Raunin na'urar a matsayin kayan koyarwa yana farawa ne daga cewa ba ta watsa komai, karɓa kawai take yi, kuma abin da take karɓa babu wanda ya san ainihinsa. Lissafi ana koyon sa ne da siginar da aka san amsarta tun farko: sayin mai mita kaza da tsawo kaza, a yi lissafi, a ga ko kololuwar ta fito inda ya kamata da girman da ya kamata. Da siginar iska ba za a iya wannan ba. Ma'aunin ƙarfin da manhajoji ke nunawa ma ba na ainihin wat ko bolt ba ne, kwatanci ne kawai da iyakar abin da na'urar ke iya aunawa, kuma yana canzawa da zarar an taɓa ƙarin ƙarfi, wato saitin da ke ƙara wa siginar ƙarfi kafin a auna ta. Saboda haka ƙa'idar Parseval, wadda ta ce jimlar ƙarfin sigina ɗaya ce ko an lissafa ta daga awon ko daga mitocin, da batun inda ake raba jimla da N, da dalilin da ya sa kibiyoyi masu mitoci daban-daban ke soke juna idan aka tara su a kan cikakken zagaye, duk sai dai a allo da takarda da siginar da ɗalibi ya ƙirƙira a kwamfuta. Haka ma kuskuren da ya zama ruwan dare, na zaton cewa ƙara sifilai a ƙarshen awo yana ƙara ikon raba mitoci biyu masu kusanci, alhali yana santsa zanen ne kawai. Wannan ba ya kamuwa sai da siginar da aka san abin da ke cikinta.

Rauni na biyu shi ne ma'auninta na bit 8 ne, wanda a lissafi ke ba da tazarar kusan desibel 50 tsakanin sigina mafi ƙarfi da hayaniyar aunawa, alhali katin sauti na bit 16 irin na kwamfuta a lissafi yana ba da kusan 98. A birni mai tashoshin FM da yawa, idan aka ɗaga ƙarin ƙarfi fiye da kima, manyan tashoshi suna cika na'urar su haifar da tashoshin ƙarya a wuraren da babu kowa. Ɗalibin da ya ji darasin basaja jiya zai ɗauka ita ce yake gani, alhali wannan cuɗanya ce ta daban da ke faruwa idan kayan lantarki suka fita daga aikin miƙaƙƙen layi. Hanyar bambancewa ita ce a rage ƙarin ƙarfin, domin na ƙarya suna ɓacewa da sauri fiye da na gaskiya, amma sai malami ya riga ya san da wannan.

Na uku ya shafi manhajojin ne fiye da na'urar. Kyawun zanen da ke gangarowa a fuskar kwamfuta da launuka yana ɗauke hankali, kuma yana ɓoye yawancin abin da ake son koyarwa: an zaɓa wa mai kallo taga, an haɗa masa hotuna da yawa an fitar da matsakaici, an mayar da ƙarfi zuwa desibel, an kuma jefar da kusurwa gaba ɗaya, wadda ita ce rabin bayanin da lissafin Fourier ke bayarwa. Aji zai iya ƙare sa'a biyu yana farautar tashoshi cikin nishaɗi ya tashi bai ƙaru da komai ba. Shawarata ita ce a yi amfani da waɗannan manhajoji na ɗan lokaci domin a ga abin da ke akwai, sannan a rufe su a koma kan ɗanyen fayil.

Ta fuskar girkawa, a Windows sai an yi amfani da ƙaramar manhajar Zadig an maye gurbin direban talabijin, wato manhajar da ke haɗa na'urar da kwamfuta, da wanda ya dace, kuma a kula a zaɓi na'urar daidai a cikin jerin, domin wanda ya zaɓi linzaminsa ko allon rubutunsa bisa kuskure zai dakatar da su. A Linux sai an hana direban talabijin ɗin lodawa. V4 tana buƙatar sabbin direbobi, kuma da tsofaffi takan ƙi kamawa ko ta nuna tashoshi a inda ba nan suke ba. Na'urar tana ɗumi a hannu yayin aiki, wanda ba alamar lalacewa ba ce, gidan alminiyom ɗin ne ke fitar da zafin. Tana cin wutarta daga USB, saboda haka laftof mai caji ya ishe ta, har ma wayar Android da igiyar OTG mai haɗa kayan USB da waya. Hasali ma a gajeren zango takan fi ji da kyau idan an ɗauke wuta, domin caja da inbata da fitilun zamani masu arha suna cika wannan zango da hayaniya. Fayiloli kuwa suna girma da sauri: a kan awo miliyan 2.4, sakan ɗaya yana cin megabayit 4.8, minti ɗaya kuma megabayit 288, don haka sakan biyar zuwa goma sun isa kowane gwaji da na ambata. Akwai jabun V3 da V4 a kasuwannin intanet, waɗanda sukan zo ba tare da agogon ciki mai daidaito ba, saboda haka a sayi ta hannun dillalan da masu ƙera ta suka amince da su.

Wannan girman fayil yana da wata fa'ida ga makarantar da kuɗi ya yi wa ƙaranci, domin ba lallai kowane ɗalibi ya mallaki tasa ba. Na'ura ɗaya ta isa malami ya naɗi ɗan gajeren fayil a gaban aji, ya raba wa kowa ta filashi, kowa ya je ya yi lissafinsa a gida ba tare da intanet ba. Tsarin da nake ganin ya fi dacewa shi ne a fara da siginar da aka ƙirƙira a kwamfuta har ɗalibi ya iya hasashen inda kololuwa za ta fito, sannan a wuce zuwa sautin makirufo inda kunne ke taimaka wa ido, sai a shigo da RTL-SDR a daidai makon da za a gabatar da j da mita mai ɗebewa. Wanda zai saya domin aji kuma yana son darasin basaja ya nemi V3. Wanda zai haɗa koyo da sauraron gajeren zango ya ɗauki V4, ya kuma tanadi doguwar waya ta mita goma ko fiye da zai shimfiɗa a waje, domin ƙaramar eriyar da ake sayarwa tare da na'urar an yi ta ne don FM da abin da ke sama da shi.